Can Babu Mai Hura Wuta

Gonar Bakin Kwari,
Minjibir,
Ranar Talata.

Zuwa ga Tahira,

Assalamu alaikum, ya ke sanyin idanuna, ruwan randata a tsakar bazara, inuwar tsamiyar da nake gudu gare ta idan rana ta take! Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya ke ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ke da in an ambaci sunanki fartanya take yi mini sauƙi a hannu. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin takarda. Ina gaishe da Inna, ina gaishe da Baba, duk da dai shi Baba mun gaisa jiya, gaisuwar da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Zan zo kan wannan. Goggo Kulu ce za ta miƙa miki takardar nan, ta kuma rantse ba za ta buɗe ba. Na yarda da ita ne don na san ta manto tabarau ɗinta a gidan biki.

Tahira, me na yi miki? Tun da watan nan ya kama, farin hayaƙi bai tashi daga gidanku ba. Kullum da hantsi sai in dogara da ƙotar fartanya in zuba wa gabas ido. In ga hayaƙin gidan liman, in ga na mai ƙosai, in ga na gidanku ma, amma siriri, shuɗi-shuɗi, na kara da icce, hayaƙin girki kawai wanda ba ya cewa komai. Idan na koma gida na kira ki, wayar ta yi ta kuka har ta gaji. Na zargi sabis, na zargi caji, na zargi kaina, har idanuna na fara zargi. Kin san abin da shiru yake yi wa mutumin da ya saba da muryarki? Wallahi na rame, har Kawu Hashimu ya tambaye ni ko azumin nafila na tsira.

Bari in tuna miki yadda muka fara, ko da yake na san ba ki manta ba. Bara war haka ne, lokacin sharar gona, kika dawo daga jami'a da binciken kammala digirinki, kina neman manomin da zai tara miki shara ya cinna wuta a inda kike so, a lokacin da kike so. Baba ya turo ki wurina don gonata ce ke iyaka da tasa. Na ce a raina, ikon Allah, ashe yanzu har hayaƙi ake karantawa a jami'a! Kika hango murmushin da nake ɓoyewa, kika ciro waya kika ce, “Sarkin Noma, duba nan ka gaya mini abin da ka gani.” Na duba. Na ga jar ƙasa fetal, ga ramuka masu zagayayyen baki kamar na tukunya, kowane rami da doguwar jela a bayansa, wata baƙa wata fara, duk sun kwanta gefe guda. Na ce ai ƙauye ne aka ɗauka daga sama da safe, kowane gida ya ɗora sanwa, iska kuma tana kaɗawa. Kika yi dariya har sai da kika dafa gindin gawo. Kika ce ba ƙauye ba ne, ba ma duniyarmu ba ce, duniyar Mars ce, kumbo ne ya ɗauko hoton.

Kin ga ban manta darasin ba, Malama. Kin ce ba hayaƙi ba ne, don iskar can ba ta da abin da wuta ke ci, ko ashana ka ƙyasta ba za ta kama ba. Iska ce take bugun bakin rami, a bayansa ko dai ta zube ƙura mai haske, ko ta share ƙurar ta bar baƙin dutse a fili, shi ne jelar take fitowa. Kin ce wata jelar takan yi shekara da shekaru a kwance inda take. Aikinki shi ne ki jera hotunan jelolin nan da hotunan hayaƙin duniyarmu, ki ga inda suka yi kama da inda suka saɓa, tunda iska ce ke ja musu gora su duka. Kin kuma koya mini yadda ake karanta su: kada a ruɗu da inda jela ta ƙare, a bi ta baya-baya har a iske abin da ta fito daga jikinsa, rami in a can ne, wuta in a nan ne. Wannan na riƙe shi da kyau, kuma yau da shi zan yi miki jarrabawa.

Kin tuna da kika nuna wa Goggo Kulu hoton? Ta miƙe hannu da wayar can nesa, ta ƙanƙance ido ta ce, “Oh ni! Duk gari a ɗora tukunya lokaci guda? Ai waɗannan biki suke yi.” Kika ce mata ba kowa a can, ko ƙadangare babu. Ta mayar miki da wayar a hankali kamar mai fita daga gidan makoki, ta ce, “Allah sarki. Ga hayaƙi ko'ina, babu mai hura wuta.” Mu muka yi dariya. Ita kuwa ba ta yi ba, kuma sai jiya na gane dalili.

Ranar ƙonawa kuwa, wayyo ranar nan! Kin aro ɗan jirgin nan mara matuƙi daga sashenku, mai kuka kamar zuma ta yi ƙaura, kika tayar da shi sama don ya ɗauki hayaƙin. Na cinna wa kara wuta, kika ce ya yi siriri, ba ya fita a hoto. Na koma gida na ɗauko buhun ɓawon gyaɗa, na yayyafa masa ruwa na zuba a kan garwashin, sai ga hayaƙi fari tas, mai kauri, ya miƙe kamar an tsefe auduga. Kika yi tsalle don murna. Amma iskar bazara ba ta da alƙibla. Hayaƙin ya nufi yamma, kina saita jirgi ya juya kudu, kina binsa ya dawo ya rufe ki ruf. Kika fito kina tari, idanunki sun yi jajir, kwalli ya zubo miki har kumatu, kina dariya kina faɗa lokaci guda: “Hayaƙin Minjibir ba ya jin magana! Na Mars inda ka bar shi nan za ka same shi!” Na cire malafata ina yi miki fifita. Ya ke kyakkyawa, mata nawa na gani sun sha kwalliya a gidan biki ban ji komai ba? Ke kuwa a cikin toka, da ɗankwali a karkace, da kwalli a kumatu, na tsaya riƙe da manjagara na san tawa ta ƙare. Ban iya cin tuwo ba ranar.

Daga nan ɓawon gyaɗa ya zama ɗan aikenmu. Gonata a kwari take, sabis ba ya sauka nan, ni kuma tun da wayata ta farko ta faɗa rijiya na daina zuwa aiki da waya. Ke kika kawo shawarar, kina rufe baki da gefen mayafi: duk ranar da kike so in zo zance, za ki watsa tafi biyu na jiƙaƙƙen ɓawo a murhu da hantsi. In na ga fari ya tashi, in zo bayan la'asar. Tahira, akwai saurayin da aka taɓa kira kamar yadda kike kirana? Wasu ana tura musu saƙo ya maƙale a hanya, ni nawa a sararin Allah ake rubuta shi, duk gari na gani, ni kaɗai nake karantawa. Haka dai nake zato.

Jiya da hantsi ina gyaran kunya, na ɗaga kai don al'ada kawai, ba don ina sa rai ba. Sai ga shi! Fari, mai kauri, ya tashi daidai saitin gidanku. Wace la'asar? Na jefar da fartanya, na bar takalmi ɗaya a cikin kunya, na ratsa ta gonar Baba, na tsallake burtali, na kusa bangaje wata tsohuwa da tulunta. Na iso ƙofar gidanku ina haki, ƙasa har gira. Ashe ke da Inna kun tafi suna. A bayan gida, kusa da rumbu, na iske Baba, Malam Dabo da kansa, zaune a kan buzu, ga kasko a gabansa, yana ɗibar ɓawo yana watsawa a wuta a natse kamar mai ba kaji dawa. Da ƙasa za ta tsage, da na shige ban waiwayo ba. Na zube na gaishe shi.

Bai ko ɗago kai ba ya ce, “Ashe dai yana kira. Zauna, Kamaru.” Na zauna. Ya ce, “Kai da 'yata kun ɗauka makaho ne ni? Tun bara ake ƙone wa uwarta ɓawon da take tarawa, kuma duk ranar da aka ƙona sai in gan ka a ƙofar gida ka sha guga. Na ce bari ni ma in gwada.” Na sunkuyar da kai ina wasa da yatsun ƙafar da ba takalmi. Sai muryarsa ta sauya. Ya ce binciken hayaƙin nan ya kai har wata jami'a a ƙasar waje, sun ba ki gurbin karatu na damina biyu, sun ɗauke miki komai, suna jiran amsarki kafin watan nan ya mutu. Ya ce kin ƙi amsa musu, kin daina cin abincin kirki, kin daina buɗe hotunan da a da ko tuwo kike tuƙawa suna gefenki. Ya ce ya ji kina gaya wa Inna, “Kamaru mutum ne mai tushe, ni kuwa in na tafi hayaƙi zan zama. Ba adalci ba ne in ce ya jira hayaƙi. Gara in zauna.” Sannan ya dube ni a karon farko ya ce, “Ni na yi magana, uwarta ta yi. Ba za mu tilasta mata ba. Amma ni ban sa ta makaranta don ta zauna tana kallon bango ba. Saura kai.”

To yanzu na san dalilin shirun. Kin guje ni ne don kin san in na ga fuskarki zan karanta abin da ke ciki.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ya ke rabin raina. A hanyar komawa gona wani sashe na zuciyata rawa yake yi. Tahira ta fifita ni a kan abin da ta fi so a duniya! Wane namiji ne zai ji haka kansa bai kumbura ba? Kuma na ga hanya a buɗe: in yi shiru kawai, in ce ban ji komai ba, wata ya mutu, gurbin ya wuce, ke kuma ki zama tawa a nan kusa, inda zan ga hayaƙinki kowace safiya har tsufa. Ina son haka, Tahira. Ina son haka har cikin ƙashina. Ina tsoron damina biyu ba ke. Ina tsoron sanyin ƙasar da ban sani ba, da mutanen da za su fi ni iya magana a kan taurari. Na zauna a gindin gawon nan da kika taɓa dafawa, hawaye ya zubo mini, ban kuma ji kunyar tumakin da ke kallona ba.

A nan ne maganar Goggo ta dawo mini. Ga hayaƙi ko'ina, babu mai hura wuta. Na ce wa kaina, Kamaru, in ta zauna saboda kai, me za ka samu a ɗakinka? Za ka samu mace kyakkyawa mai haƙuri, wadda inda ka bar ta nan za ka same ta, kamar jelolin can da take nuna maka. Za ta yi maka girki, za ta yi maka murmushi, amma abin da ke ci a cikinta ya mutu, kuma kai ka kashe shi da shirunka. Ni ba ita na gani a cikin toka na kasa cin tuwo ba. Wadda na gani tana bin hayaƙi da gudu, tana faɗa da iska, tana tambayar abin da ba wanda ya taɓa tambaya a garin nan. Ita nake so, kuma ita ba ta zaunuwa.

Kin ce za ki zama hayaƙi. To na ji, Malama, ga jarrabawar. Me ya sa jelar Mars take kwance shekara da shekaru ba ta motsi? Ashe ba don babu kowa a gindinta ba ne? Me kuma ya sa hayaƙin Minjibir ba ya jin magana, yau gabas gobe kudu, ya hau sama ya tsallake gari ya tafi inda ido ba ya kaiwa? Ashe ba don akwai wuta a ƙarƙashinsa ba, da wani mai rai da ya durƙusa yana hurawa? Ke kika ce kada a ruɗu da inda jela ta ƙare, a bi ta baya-baya. Bi naki hayaƙin baya-baya, Tahira, daga ƙasar da za ki, ki tsallako teku, ki wuce Kano, ki sauka a tasha, ki biyo burtali. Me kika iske? Kin iske wani baƙin manomi mai takalmi ɗaya a durƙushe yana hura wuta. Ban taɓa ganin hayaƙi ya yi nisa na ce wuta ta yi asara ba. In ya yi nisa, wutar ce ta kama da kyau.

Saboda haka ina roƙonki, don girman Allah, don darajar Inna da Baba, don ranar nan ta kwalli a kumatu: ki amsa musu. Ki ce za ki zo. Ki je ki kalli jar duniyar nan da manyan na'urorinsu har ki ƙoshi, ki auna jelolinta ɗaya bayan ɗaya, ki dawo ki ba Goggo labarin ko an samu wanda ya hura wuta. Kada ki damu da abinci. Kuka da daddawa da yaji Inna ta ce nata ne, gyaɗa kuwa tawa ce, ta gonar nan, zan soya miki da kaina ko da zan ƙona rabi. In sanyi ya dame ki ki kira ni, zan hau tudu in nemi sabis in ba ki labarin zafin Minjibir har ki yi gumi.

Amma ba zan bar ki ki tafi haka kawai ba, ni ma ba waliyyi ba ne. Na gaya wa Kawu Hashimu komai, ya ce goronsa a shirye yake, babbar rigarsa ma a wanke take. In kin yarda, zai zo wurin Baba a yi magana ta manya kafin ki ɗaga ƙafa, duk gari ya san inda aka tsaya. Ko a ɗaura kafin tafiya, ko a jira dawowarki, wannan na bar muku ke da su, duk wanda kika zaɓa na karɓa hannu bibbiyu. Ni dai ina so in na ce “Tahira tana karatu a waje,” in faɗa da bakin wanda yake da hakkin faɗa.

Ga alkawarina. Muddin kina can, kowace Juma'a da hantsi zan watsa jiƙaƙƙen ɓawo a wuta a gindin gawon nan, rani da damina, ko ana ruwa sai na kare shi da malafa. Kin ce akwai taurarin ɗan'adam da ke ɗaukar hoton duniyarmu ma. Na san abin da za ki ce, har muryarki nake ji: “Sarkin Noma, ɗan hayaƙinka ya yi ƙanƙanta, ba zai fito ba.” Ki dai duba. In bai fito ba, ki san yana nan, ki san kuma wanda ke gindinsa bai tashi ba.

Saura sharaɗi ɗaya, kuma shi ne ya fi yi mini wuya. Na ajiye buhun ɓawo a zaurenku, sabo, na jiƙa na saman. Kada ki taɓa shi sai kin aika wa mutanen nan amsa. In kika ƙona kafin nan, zan gani, zuciyata za ta yi tsalle, amma wallahi ba zan zo ba, ko da zan ɗaure ƙafata a jikin gawo. In kuwa kin aika, to ki zuba ba tafi biyu ba, ki juye rabin buhun, ya tashi har mutanen kasuwa su tambayi gidan wa ke biki. Baba ya ce in gaya miki ya ba Inna ajiyar ashanarsa, don kada in sake ganin fari in zo in iske gemu.

Wata ya kusa mutuwa, ya ke hasken safiyata, iska kuma ta fara juyawa, damina na tafe. Na ɗauko ɗaya takalmin daga cikin kunya, na ajiye su biyun a bakin gona suna fuskantar gidanku. Gobe da hantsi ina nan ina kallon gabas, jibi ma haka, har ranar da za ki kira ni in zo in yi miki rakiya.

Naki a nan, naki in kin yi nisa, naki ranar da za ki dawo ki iske wutar ba ta mutu ba,

Kamaruddeen,
Sarkin Nomanki.